Gajeren Sheburin Estill Napier

A kwarinmu na Sang Branch ba a haƙa kabari da inji. Ba don mun fi sauran mutanen gabashin jihar Kentucky riƙe al'ada ba ne. Kakanninmu ne suka ga dama suka ɗora maƙabarta a kan tsauni, inda ko alfadari sai ya tsaya ya yi shawara kafin ya hau. Saboda haka in aka yi mutuwa, maza ne ke ɗaukar diga da shebur su hau da sassafe, mu mata mu bi su da kofi da burodi. 'Yan gidan mamaci ba sa taɓa ƙasa, wannan aikin maƙwabta ne. Kowane namiji da ke kwarin sai an miƙa masa shebur, ko da tsoho ne mai dogara sanda, ya ɗebi abin da zai iya ya miƙa wa na kusa da shi. Wanda aka miƙa wa ya ƙi karɓa, ya gaya wa duniya abin da ke tsakaninsa da mamacin ke nan, kuma har jikokinsa sai an goranta musu.

Estill Napier, mijin yayata Glenna, shi ne mai gyaran kusurwa. In an gama haƙa, sai ya sauka da wani gajeren shebur nasa da 'yar igiya, ya bi bangon kabarin yana shafta har sai ya miƙe sumul. Yakan ce yawancinmu a karkatattun gidaje muka ƙare rayuwarmu, bai kamata a ƙara wa mutum da karkataccen kabari ba.

Ni ce Verna, ƙanwar Glenna. Tun ina 'yar makaranta yake zuwa zance gidanmu, kuma tun lokacin ya laƙaba mini Rediyo, wai duk abin da ya shiga kunnena da safe, kafin rana ta faɗi an ji shi har garin da ke bayan tsauni. Ban taɓa yarda ba, amma ban taɓa musantawa da ƙarfi ba. Dogo ne, mai manyan hannaye, mai dariyar da ke tayar da karnukan maƙwabta. Bai gama makaranta ba ya bi ubansa cikin ramin kwal. In ya fito daga aiki, baƙi ƙirin sai idanu da haƙora, ba ya zama. Ya gyara wa wannan rufi, ya yanka wa waccan alade, ya ja motar wani daga cikin laka. Glenna takan ce ta auri mutumin da duk kwarin ke aro, ita sai da dare ake dawo mata da shi a gajiye. Abincinsa bai wuce wake da wainar masara da ɗanyar albasa ba, kuma in ka ba shi wani abu daban sai ya ci don kunya, ya koma gida ya nemi waken.

Yana cikin ƙarfinsa rufin ramin ya rufto masa. Wani falalen dutse ne ya danne shi daga ƙugu zuwa ƙasa. Duk wanda ke kusa ya gudu, kuma ban ga laifinsu ba, don rufin bai gama zuba ba. Harlis Fugate ne kaɗai ya koma. Abokin aikinsa ne, ya girme shi nesa ba kusa ba, mutum marar magana. Ya ja jiki ya shiga da jak ɗin ɗaga mota, ya ɗaga dutsen, ya janyo Estill ta kwalar riga. Likitoci suka ɗaure masa ƙashin baya da ƙarfe. Da suka ɗauki hoton ƙirjinsa kuma suka ga ƙurar kwal ta riga ta cinye huhun, tun kafin dutsen ya yi nasa aikin.

Neman tallafin naƙasassu ya ci musu shekaru. A ƙi, su sake nema, a sake ƙi. Glenna ta kama aikin wanke tsofaffi a gidan kula da su da ke gari, da shi suka rayu. Daga ƙarshe aka amince. Kuɗin wata ne da bai taka kara ya karya ba, amma da shi katin asibiti yake tafe, kuma katin ne ke biyan magungunansa da na'urar iskar da ke gurnani a gefen gadonsa. In aka yanke kuɗin, katin ma zai bi shi, na'urar ta bi katin. Kowa a gidan ya san wannan, har karen.

Kusan rabin mazan kwarinmu a kan wannan tallafi suke, wasu ramin kwal ya karya, wasu saran katako. Amma ba wanda ke son a ambata. Estill ko sunansa ba ya iya faɗa, sai dai ya ce “abin nan ya shigo?” yana kallon wani wajen. Ciwo irin nasa kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Akwai ranar da zai tashi da dama-dama, ya fita ya ɗaure tumatirinsa a jikin sanda, ya zolayi duk wanda ya wuce. Sai ya biya wannan da kwanaki a kwance, Glenna na juya shi kamar jariri. Masu wucewa a hanya ranar tumatir kawai suke gani.

Sai shekarar zaɓe ta zo. Wani ɗan takara ya zo daga babban birnin jiha, aka soya kifi a gidan 'yan kwana-kwana, duk muka je, don kifin kyauta ne. Ya saka hular masu haƙar kwal sabuwa fil, wadda ko ƙofar rami ba ta taɓa gani ba. Ya ce zai sake buɗe ramuka. Ya ce kuma akwai waɗanda ke miƙe ƙafa a baranda suna cin gumin masu aiki da sunan ciwo, kuma in ya hau sai ya zaƙulo su ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin ya ɗauki tafi. Wanda ya fi kowa tafi shi ne Estill, da robar iska a hancinsa.

Na zungure shi na ce, “Yaya Estill, kai ma fa a baranda kake wuni.”

“Ke Rediyo, rage murya,” ya ce. “Ba da irinmu yake ba. Da 'yan ƙwaya yake, da masu ciwon ƙarya. Ni ai gwamnati ta ga hoton bayana.”

Ya karɓi allon ɗan takarar ya sa aka kafa masa a ƙofar gida. Ba na ganin wautarsa sosai. Abokin hamayyar mutumin ko hanyar kwarinmu bai sani ba, kuma mutum ya fi son wanda ya zo ya yi masa ƙarya a kan wanda bai ga ya cancanci a zo masa ba.

Ɗan takarar ya ci zaɓe. Ramuka dai ba mu ga an buɗe ba, amma alkawari na biyu bai yi wasa da shi ba. Aka fara sake binciken masu karɓar tallafin. Aka kuma fara sanar da wata lambar waya a gidan rediyon garinmu, tsakanin waƙoƙin coci da sanarwar mutuwa: in ka san wani da ke karɓa alhali lafiyarsa ƙalau, ka buga, ba sai ka faɗi sunanka ba.

Dewey Hensley aka fara da shi. Itace ne ya faɗo masa a wuya wajen saran katako, ba ya iya waiwaye sai ya juyo da duk jikinsa. Wata rana ya kai wa tsohuwarsa itacen hura wuta, 'yar ɗan'uwansa ta ɗauki hotonsa yana saukewa, ta saka a intanet da kalaman yabo, wai ga ɗa nagari. Ba a daɗe ba aka kira shi ofishin tallafi a gari, aka yanke masa kuɗin. Ya sayar da a-kori-kurarsa, ya koma kwana a wani ɗan ɗakin ajiya a bayan gidan uwarsa. Har yau ba mu san wanda ya buga wayar ba, ko ma an buga ɗin. Wannan rashin sanin ne ya lalata mu. Ranar Lahadi a coci muna rera waƙa baki ɗaya, amma kowa yana satar kallon na gefensa.

Daga nan na ga tsoro ya shiga Estill, kuma ban taɓa ganin abu ya ci mutum haka ba, har da ciwon. Ya sa Glenna ta tuge sandunan tumatir. Ciyawa ta cinye ƙofar gida ya hana a taɓa, wai gidan marar lafiya bai kamata ya yi kyau ba. In suka dawo daga kanti, Glenna ce ke saɓa buhun abincin kare, shi yana bin ta a baya hannu rabbana, kansa a ƙasa, mutumin da a da ko jakar hannu ba ya barin mace ta ɗauka. Ya daina dariya a waje, don mai dariya kamar mai lafiya yake. Ranar da numfashinsa ke da sauƙi ma ba ya cire robar iska in zai zauna a baranda, kuma ya gaya wa Glenna cewa wannan ya fi komai ci masa rai, don yanzu ya zama mai nuna ciwo, irin mutanen da ya tafa a kama. Akwai wata farar mota da ta riƙa shigowa kwarin tana tafiya a hankali. In ya ji ta, sai ya shige ɗaki ya leƙa ta labule. Ashe sabon mai karanta mitar lantarki ne bai san gidaje ba. Da aka gaya masa bai saki jiki ba, cewa ya yi ai su ma haka za su ce.

Allon ɗan takarar kuwa yana nan a ƙofar gida, rana ta koɗar da fuskar. Na tambaye shi ko har yanzu soyayyar ce. Ya ce cire shi sai an sunkuya an ja da ƙarfi, wani zai iya gani.

Ni ma na tsorata, kada in yi kamar ina gefe. Na san bakina. Na koma auna kowace kalma a wajen mai gyaran gashi da wajen sayen mai, kada in ce Estill ya ji sauƙi yau wani ya ɗauka ya kai gaba. In aka tambaye ni jikinsa sai in ɓata fuska tun kafin in amsa.

Da kaka, ganye ya fara zuba, Harlis Fugate ya rasu. Shi ma huhun ne.

Glenna ta roƙi Estill kada ya hau tsaunin. Ta ce kowa ya san halin da yake ciki, ba mai ganin laifinsa. Ya ce tsayawa kawai zai yi, ba zai taɓa komai ba, amma ba za a haƙa wa Harlis kabari yana leƙe ta labule ba. Na kai su a motata har inda hanya ta ƙare. Daga nan ya hau da ƙafa, da 'yar tukunyar iskarsa a rataye, yana tafiya yana hutawa a jikin itatuwa. Kafin mu kai, kofin da muka ɗauko ya huce.

A can muka tarar da Tamra, jikar Harlis. A jihar Ohio ta girma, ta zo da daddare ta kwana. Tana tsaye a gefen kabarin ta ɗaga waya, tana nuna wa dangin da ba su samu zuwa ba kai tsaye, tana kuka tana cewa ku ga yadda mutanen kakana ke yi wa nasu. Ba ta da mugun nufi ko kaɗan. Ba ta dai san abin da ɗaga waya ya zama a kwarinmu ba. Na duba na ga duk mai karɓar tallafi ya sulale ya koma bayan itace, wani na gyara igiyar takalmi, wani na duban sama kamar mai neman hadari. 'Yan ƙalilan masu aikin yi ne suka haƙa, suna miƙa wa junansu sheburin, suna kauce wa idon sauran. Ba wanda ya iya ce wa jikar mamaci ta ajiye waya a kan kabarin kakanta.

Da rami ya kai, sai Cledis, ƙanen Harlis, ya tako. Tsoho ne, kunnensa ya yi nauyi, kuma ban tsammanin ya lura da wayar ba. Ashe tun da safe ya biya gidan Estill ya ɗauko gajeren sheburin daga rumfa. Ya miƙa masa shi da hannu biyu.

“Estill, saura kusurwa.”

Na ga Estill ya dubi wayar, ya dubi Glenna, ya dubi ramin. Gumi ya keto masa duk da sanyin da ake yi. A raina ina cewa ka ƙi, ka ƙi, a goranta mana har jikoki, mun yarda. Glenna ta riƙe hannun rigarsa.

Ya zare robar daga hancinsa, ya miƙo mini tukunyar.

“Riƙe mini, Rediyo.”

Aka kama shi ya sauka. Na ɗan lokaci kaɗan sai ga Estill na da ya dawo. Ya ja igiyarsa, ya kanne ido ɗaya, ya fara shaftar bango, ƙasa na zuba a kan takalmansa. Har ya ɗaga kai ya ce wa waɗanda suka haƙa ko da cokali suka yi aikin. Wasu suka yi dariya. Dariyar ce ta farkar da Glenna. Ta juya kan Tamra da muryar da ban san tana da ita ba.

“Kashe abin nan, don girman Allah! Kashe shi!”

Yarinyar ta firgita ta kashe. Ko minti ba a yi ba bayan haka, bayan Estill ya riƙe. Ya durƙushe a cikin kabarin, sheburin ya faɗi, leɓunansa suka koma shuɗi, yana buɗe baki iska ba ta shiga. Mazan da ke bayan itatuwa suka fito a guje. Suka yi abin da mazanmu ke yi in ɗan'uwansu ya faɗi a gaban jama'a: suka kewaye ramin suka ba mu baya, don kada mata su ga halin da yake ciki. Ta tsakanin ƙafafunsu na miƙa tukunyar. A kujerar coci mai naɗewa aka sauko da shi daga tsaunin, kuma bai halarci jana'izar ba.

Duk wannan babu shi a bidiyon. Abin da ke ciki shi ne ƙaton mutum a cikin rami da shebur, babu roba a hanci, yana ba da dariya. Da aka yi wa Tamra bayani ta goge shi a ranar, ta zo gidan tana kuka tana ba da haƙuri. Estill daga kwance ya ce mata ba komai, kakanta ya yi masa abin da ya fi haka. Amma an riga an kalla, har wasu sun rubuta a ƙasa cewa Estill Napier yana nan da ƙarfinsa, Allah ya ƙara lafiya. Glenna ta ce ba ta taɓa jin addu'ar da ta tayar mata da hankali kamar wannan ba.

Makonnin da suka biyo baya ba na son tuna su. Waya in ta yi ƙara, su duka biyu sai su zuba mata ido, ba mai ɗauka. Glenna ta rame. Ta fara tambayar matan da take aiki da su nawa ake sayar da tsohuwar na'urar iska, ko da za a zo a ɗauke tasu. Estill ya daina cin wakensa. In na shiga sai ya tambaye ni wa na gani a hanya, wa ya yi maganarsa, da wace irin murya. Ya bi sunayen maƙwabta ɗaya-ɗaya yana tuna wanda ya taɓa saɓa wa, mutanen da ya yi wa rufi da hannunsa.

Sai aka kira shi gari. Ko wani ne ya buga waya, ko layinsa ne kawai ya zo, ba a gaya mana ba. Ni na tuƙa su, na kuma bi su ciki, don Glenna ta ce ba za ta iya shiga ita kaɗai ba.

Na shirya ganin dodo, sai na tarar da wata yarinya mai gajiyayyun idanu da tarin aiki a gabanta. Ta gaishe shi da ladabi, ta tambaye shi jiki. Ya ce lafiya lau, an gode Allah. Haka muke amsawa a kwarinmu, ko da fasto na tsaye a kanmu yana addu'ar ƙarshe. Glenna ta mintsine shi. Yarinyar ta tambaya ko yana iya ɗaura takalminsa, ya ce yana taɓawa. Ko yana iya wanka da kansa, ya ce ba laifi. Ina kallo tana rubutawa. Namijin Sang Branch zai iya mutuwa a gabanka, amma ba zai buɗe baki ya ce wa baƙuwar mace ba zai iya ba. Da bakinsa yake yanke wa kansa iska, kuma ya sani.

Glenna ta miƙe tsaye. Ta ce ita ce ke ɗaura masa takalmi. Ita ke yi masa wanka a kan kujera. Ta ce in ƙafafunsa suka mutu cikin barci ba ya jin fitsari, sai da safe ta canza shimfiɗa, kuma ta saba shanya zannuwan a cikin ɗaki don kada maƙwabta su ƙirga. Ta ce yakan yi kuka in ya zaci ta yi barci. Ta faɗi komai, abin da ko ni ƙanwarta ban sani ba, hawaye na zuba, ba ta dubi inda yake ba ko sau ɗaya. Shi kuma ya kafa wa takalmansa ido.

Yarinyar ba ta ambaci bidiyo ba. Har yau ban san ko ta gan shi ba. Ba a yanke masa ba. An dai ce za a iya sake dubawa a kowane lokaci.

Na tuƙo su har muka shigo kwarin. Da na tsaya a ƙofar gida, Glenna ta fita, sai ya ce mini ba tare da ya juyo ba, “Kin ji komai ko, Rediyo? To wannan kada ki watsa.” Ban watsa ba yana raye. Glenna ce ta ce in faɗa yanzu, don a san abin da aka biya.

Bai ƙara zama a baranda ba. Kalmar nan ta “kowane lokaci” ita ta zauna masa. Ya tsira da tallafinsa, amma kullum yana jiran a dawo kansa. Ya wuce hunturun nan a kujera ta bayan labule, na'urar na gurnani a gefensa, in mota ta wuce ya bi ta da kunne har ta fita kwarin. Bai yi fushi da Glenna ba, amma bai ƙara iya haɗa ido da ita in tana yi masa wanka ba, kuma ta ce wannan ya fi fushin zafi.

Da ƙanƙara ta fara narkewa jikinsa ya rikice. Ya ƙi asibiti. Ya sa aka kira fasto da Glenna da ni, ya ce yana da magana ɗaya a kan kabarinsa. Yana faɗa yana tsayawa neman iska.

“Kada a miƙa wa kowa shebur. Kun ji? In ba a miƙa ba, ba wanda ya ƙi.”

Fasto ya ce to wa zai haƙa. Ya ce wannan kuma mu san yadda za mu yi, shi dai ba za a yanke wa wani iska a kansa ba.

A tsakiyar mako ya rasu, lokacin da 'yan mazanmu masu aikin yi suke can jihar Tennessee wajen aikin hanya. Da safe muka hau tsaunin. Mazan kwarin duk sun zo, ba wanda ya rage, har masu sanda. Suka tsaya a jere, huluna a hannu. Kayan aikin na jingine a jikin itace. Ba wanda ya miƙa, ba wanda ya ɗauka, kuma ba waya ko ɗaya a waje.

Glenna ce ta ɗauki diga. 'Yan gida ba sa taɓa ƙasa, kowa ya sani, amma ba wanda ya hana ta. Na ɗauki shebur. Matan da suka kawo kofi suka ajiye a kan wani kabari suka naɗe hannun riga. Ƙasar tsaunin nan duwatsu ne da saiwoyi, kafin mu kai gwiwa tafin hannuna ya fashe. Sai ga Dewey Hensley ya ratso ta cikin mazan, da sanƙararren wuyansa, ya zare digar daga hannun Glenna ba tare da an miƙa masa ba.

“Kawo nan, Glenna. Ni me ya rage su yanke mini?”

Sauran suna tsaye suna kallo. Na ga ƙarti waɗanda suka yi shekaru a ƙarƙashin ƙasa suna kuka ba sauti, suna murza hulunansu. Muna cikin haka aka ji ƙarar mota a ƙasan tsauni. Gaba ɗayansu suka juya, wasu har da ja da baya daga bakin ramin, alhali ba komai a hannunsu sai hula. Matar fasto ce ta kawo tukunyar wake.

Da ramin ya kai, Glenna ta miƙo mini gajeren sheburinsa da igiyar, ta ce ita ba za ta iya ba. Na sauka. Na sha ganin yana yi, amma gani daban. Tsoho Cledis ya matso bakin ramin, ya cusa hannayensa can cikin aljihu, yana ce mini in ɗan ƙara ta dama, in rage ta hagu. Na yi iya yina har hannuna ya daina riƙe ƙotar. Kusurwar gabas ta ƙi miƙewa, haka muka sa shi.